Sai Faci Ya Sauko

Masu turo mini saƙo kuna cewa wai jan aji ne ya sa na bar Haidar yana jiran amsata tun albasa tana ɗanya a fadama har aka cire ta, na ji ku, kuma ban yi fushi ba. Ina da jan aji, wannan ko Innata ba za ta tsaya mini ba. Amma a wannan maganar ba shi ba ne. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke mini hukunci.

Sunana Uwani, a gida da unguwa ke nan. A takardun makaranta kuwa Hauwa'u Bature Aliero ce. Sunan mahaifiyar Babana na ci, Iya, wadda ta rasu ina ciki, saboda haka a gidanmu babu mai kama wannan suna. Baba bai taɓa furta shi ba, ko da suɓutar baki. Ranar da ya raka ni rajista a jami'ar garinmu, lokacin tana sabuwa fil, ma'aikacin ya tambaye shi sunan ɗaliba, sai Baba ya waiwayo ya ce mini, "Hwaɗa mishi." Ni ma da raɗa na faɗa, don Baba na tsaye.

Karatun kwamfuta nake yi, a can kuma na haɗu da Haidar, ɗan Maiyama, yana gabana da aji ɗaya. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, aljihun gaban rigarsa kullum a kumbure da filas na adana bayanan kwamfuta da ƙaramin sukudireba. Kada ku zaci da kalaman soyayya ya fara. Tsohuwar kwamfutata ta cinya ya ji tana huci a ɗakin karatu, ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, wagga na'urar taki mi tac ci haka take nishi?" Na harare shi, na ce ina ruwansa. Kafin sati ya zagayo ya sauke mata duk tarkacen da ke kanta ya ɗora mata wata babbar manhaja da muke kira BSD, ita kuma ta daina nishi. Ni kuma, ban ɓoye muku ba, tun daga nan na fara duba madubi sau biyu kafin in tafi ɗakin karatu.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don duk rigimar a nan take. Babbar manhaja ita ce ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya. Yawancinsu a kulle suke, mai su kaɗai ya san cikinsu. Wannan kuwa a buɗe take: rubutunta na tushe, wanda daga shi ake gina ta, kowa na iya karantawa, kowa na iya gyarawa. Mutane ne daga ƙasa-ƙasa suke aikinta, aikin gayya, kullum wani ya toshe wata ɓaraka, wani ya ƙara wani abu. Duk mai riƙe da kwafin rubutun dole ya riƙa bin sahunsu, in ba haka ba nasa ya tsufa a hannunsa ya daina jituwa da na jama'a. Masu intanet mai ƙarfi kai tsaye suke janyo sabon. Mu a Aliero a wancan zamanin, ina! Sai dai a aiko mana gyare-gyaren a ƙananan ƙunshi ta imel. Faci muke ce musu, kowanne da lambarsa, bi da bi ake ɗora su, ba a tsallake ko ɗaya. Kuma suna da tsantseni: kafin faci ya hau kan fayil sai ya duba ko fayil ɗin na nan yadda suka san shi. In ya ga wani hannu ya taɓa, sai ya cije ya ƙi gaba.

Don haka duk ranar kasuwar Jega sai in ci kwalliyata, atamfa da gyale mahaɗi, in shige gaban a-kori-kurar da ke kai albasar Baba, in sauka a shagon intanet in kwaso facin da suka taru. Haidar kan taso daga Maiyama mu haɗu a can. Wasu a ƙofar gida suke zance, mu namu a gaban allo muka yi shi, muna kallon layi yana rarrafe, janareta na ƙara, mai shago na zagayawa yana leƙen agogo.

Toshin farko da ya yi mini ba turare ba ne, ba sarƙa ba. Wani ɗan farin modam ne da ya gani a kasuwar Jega, irin wanda ake sa wa layin waya a soka a jikin kwamfuta a samu intanet. Na yi murna kamar me. Na zo gida na soka, shiru. Manhajar ba ta san shi ba, ta ɗauke shi faifan sidi ne. Haidar ya gwada ya gwada ya ce sai dai mu haƙura. Ni kuwa a jinina babu haƙuri da abin da aka ba ni kyauta. Da aka yi hutu sai na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu na buɗe rubutun da ke kula da irin waɗannan na'urori, na dinga bin sa layi-layi. Inna na kira in zo in kaɗa miya, ina cewa ga ni nan, har miyar ta kama. A ƙarshe na gano cewa ɗan banzan modam ɗin sai an aika masa wani umarni kafin ya yarda shi modam ne. Na rubuta 'yan layuka, na sake gina manhajar, na soka shi. Fitilarsa da ta saba yin ja ta koma shuɗiya.

Ihun da na yi sai da Inna ta yar da ludayi.

Ni na yi wannan, jama'a. Ni, Uwani, a kan tabarma, da ƙaurin miya a hancina. Ko yanzu in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka.

Da na tura wa Haidar ya gwada a tasa na'urar, shi ya fara cewa, "Uwani, wanga ba na ajiya ba na. Ki aika ma mutanen gayya su sa shi cikin tushe, duk mai irin modam ɗin ga shi huta. Kuma in kin bar shi wurinki, ran da sunka taɓa hwayil ɗin ga, faci ba shi hawa." Ya ƙara da cewa in sun karɓa, sukan rubuta sunan wanda ya aiko a jikin bayanin gyaran, ya tafi tare da shi duk inda ya tafi. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni zama wuri ɗaya. Na faɗa wa Yaya Ramatu, yayata da ke aure a Maiyama, na faɗa wa matan gidan suna, na faɗa wa mai kitso. Daga bakin mai kitso kuwa babu inda magana ba ta kaiwa.

Ta kai kunnen Baffa Sambo.

Baffa Sambo yayan Baba ne, shi ke ba da auren duk 'ya'ya matan gidanmu, kuma ya san da haka. Da hantsi ya shigo, babbar rigar shadda fara tana ƙara, turarensa ya riga sallamarsa isowa. Ko tabarmar da Inna ta shimfiɗa masa bai kalla ba.

"Bature, ka ji abin da ɗiyakka ka shirin yi? Sunan uwarmu za ta watsa cikin intanet, kowane ƙato shi kama shi da bakinai! Sunan da mu da munka sha nononta ba mu iya hwaɗi!"

Na durƙusa na ce, "Baffa, ba wurin shashanci ba na. Aiki na, kamar gayyar noma, kowa..."

"Wa yas sa bakinki? Ke, in aiki na ki yi shi, ba mu hana ba. Amma sunan Iya ba shi hita garin ga."

Na dubi Baba. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, ya fi sakewa da albasa a kan mutane. Bai ce Baffa ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Hannu kawai ya miƙo mini. Na gane. Na shiga ɗaki na zaro modam ɗin na ɗora masa a tafi, ya jefa shi a aljihun ƙirji inda carbinsa da goronsa suke. Ya ce zuwa Jega ma a dakata tukuna. Ga makaranta ana hutu. Shi ke nan, an rufe mini duk ƙofofin.

Bai tsaya nan ba, Baffa ya aika aka kira Haidar. Ni kuma na laɓe a bayan ƙyauren zaure, kada ma ku tambaye ni ko ya dace.

"Yaro, na ji kana son ɗiyag ga, kuma na san gidanku, ba mu da ta cewa. Amma ga sharaɗina. Abin ga da tay yi, in dole a aika shi, ka sa sunanka. Ko ka bar shi. In sunanta ya hita, to ka nemi wata."

Na kasa kunne ina jiran in ji Haidar ya yi bayani, ya roƙa, ya yi wani abu dai. Abin da na ji shi ne, "To, Baffa."

Wannan "to" ɗin sai da na ji shi har tafin ƙafata.

Da Baffa ya tafi aka ba mu 'yan mintoci a zauren. Na sa hijabina ruwan toka, wanda nake sawa in ba na son a ga kwalliyata, na zauna can nesa da shi. Yana ta murza hularsa a hannu.

"Uwani, ki saurare ni. Mi ab bambanci? In an ɗaura, ai sunana naki na."

"To in haka na, ran da za a ba ka takardar digiri ka ce a sa nawa, tunda duk ɗaya na."

Sannan na ce masa ya aika gyaran, don ban yi shi don ya ruɓe a ɗakina ba, akwai masu irin modam ɗin da ke buƙata. Amma ya sani, sunan da ya sa shi ne amsar da zai samu daga gare ni. Na tashi na shige gida, ban ko raka shi ba.

Bayan kwana biyu 'yar wayata mai tocila ta yi ƙara ina tankaɗe.

"Slm. Na aika."

Na goge hannu a zani na rubuta, "Da sunan wa?"

Sai da na gama tankaɗen, na wanke rariya, sannan amsa ta zo. "Duk abin da na ce yanzu sai ran wani ya ɓaci. In sun karɓa zai sauko cikin faci, ki gani da idonki."

"Haka ka ce?"

"Ki dai ci abinci."

Na yi jifa da wayar kan katifa. Ku duba mini wannan hali. In sunansa ya sa, ni na gama da shi, don ba zan zauna da mutumin da ya fara da ɗauke mini abin da na haifa da kaina ba. In kuma nawa ya sa, Baffa ya gama da shi. Ta ko'ina rasa shi nake hange. Kuma ina son sa, wallahi ina son sa, har karkatacciyar hular nan tasa. Akwai ranakun da na zauna na ce wa kaina, Uwani, mene ne a suna, layi ɗaya ne fa a cikin dubban layuka, wa zai karanta? Sai in tuna tabarmar nan da fitilar nan shuɗiya, in ji zuciyata ta ce a'a.

Mutanen Haidar kuwa ba su san dawan garin ba, sai aike suke ta bakin mijin Yaya Ramatu, suna neman a sa musu ranar kawo gaisuwa. Inna ta tsare ni a madafa.

"Ke, mutane na jira. Kina son yaron ga ko ba ki so nai?"

"Inna, sai faci ya sauko."

Ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa. "Wane faci? Ɗan makaranta za ki aure ko mai gyaran taya? Ni dai na shiga uku da boko. Ɗiyan mutane ana tambayar su su rufe huska su yi murmushi, ke kina ce mini faci."

Haka muka yi ta yi. Aka cire albasa, aka baza ta ta sha iska, aka fara zuba ta a rudu, rumbun kara da ake ɗagawa sama don kada ta taɓa ƙasa. Zafi ya sauko sosai. Kwamfutata na nan a kan akwati, rubutun cikinta na tsufa kullum, facin da ban ɗora ba na taruwa can a inda ba zan iya kaiwa ba. Haidar kan yi mini filashin safe da yamma, ni kuma ba na mayarwa. To, sau ɗaya na mayar. Sau biyu.

Wata safiya rana ta fara zafi, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Yaya Ramatu a ƙofar gida, ta sha sabuwar atamfa kore da ɗaurin nan nata mai tsayi. Baba da Baffa suna ƙarƙashin rumfa suna tsince albasar da ta fara laushi daga cikin masu kyau. Ta durƙusa ta gaishe su, ta shigo, ta ja ni gefe ta kwance bakin gyalenta inda mata ke ƙulle canji. Filas ne a ciki.

"Mutumin naki yac ce in ba ki hannu da hannu. Yac ce duk facin da kika bi bashi suna ciki, a jere. Ke, kin ga yadda yar rame? Tausayi ba ki da shi?"

Yaya Ramatu ba ta iya raɗa ba, ko a gidan makoki. Muryar Baffa ta taso daga rumfa, "Mi aka ƙullewa cikin gyale? A kawo shi nan. Na'urar ma a kawo ta, gabanmu za a buɗe."

Na ɗauko kwamfutar, na kife turmi a gabansu na ɗora ta. Babu wuta, sai abin da ya rage a batir. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, wai shara take. Na soka filas, na ba da umarni, faci suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, fararen layuka na gudu a kan baƙin allo. Na ƙura wa allon ido. Baba bai daina tsintar albasarsa ba, amma na lura albasa ɗaya yake ta juyawa.

Can sai layukan suka tsaya cak.

"Ta lalace?" in ji Baffa, har da ɗan gyara zama.

Na karanta abin da ta rubuta, na sake karantawa. Facin ya cije ne a kan fayil guda, ya ce ba haka ya san shi ba, wani ya taɓa. Fayil ɗina ne. Wanda na yi wa gyara a gindin dalbejiya. Kuma babu abin da zai kawo faci kan wannan fayil sai in mutanen gayya sun canza shi a can.

"Ba ta lalace ba, Baffa," na ce. "Sun karɓa."

Yaya Ramatu ta buɗe baki za ta yi guɗa, Inna ta dungure ta da tsintsiya.

Baba ya ce, "To mi yat tsai da ita?"

Na yi masa bayani cewa gyarana na gida ne ya tare hanya. Sai na cire shi da hannuna, na mayar da fayil ɗin yadda yake tun asali, sannan nasu zai hau. Baba ya ajiye albasar.

"Ki share naki, don na mutane shi shigo?"

"Awo, Baba."

"In kin share, wanda ya shigo ba da sunanki ba hwa?"

"To shi ke nan, Baba. Da shi za ni aiki, ni da kowa."

Ina da kwafi a ajiye, ba ɓacewa nake tsoro ba. Amma tun da na yi gyaran nan, a cikin na'urata nawa ne ni kaɗai, babu mai musu. Daga yanzu kuwa wanda zai zauna a wurin shi ne wanda duniya ta sani, da sunan da duniya ta sani. Na yi bismilla na cire layukana. Na sake ba da umarni. Facin ya hau, na bayansa suka biyo shi a guje har suka ƙare. Na buɗe fayil ɗin, ga layukana nan sun dawo, an ɗan gyara musu jeri, wani ya ƙara waƙafi a inda na manta. Sannan na buɗe bayanin gyaran, na gangara zuwa inda ake rubuta wanda ya aiko.

Na gani. Na rufe bakina da hijabi.

"Karanta muna," in ji Baffa.

Na girgiza kai. Ba taurin kai ba ne, ba zan iya ba ne, a gaban Baba. Baffa ya juya ga Yaya Ramatu, ta leƙa, ta ja da baya ta sunkuyar da kai ita ma. Wannan shirun namu ya gaya wa Baffa komai. Ya miƙe tsaye, albasa na gangarowa daga cinyarsa.

"Yaron ga yac ce mini to! Gabana yac ce to! Bature, ka gani ko? To wallahi..."

"Yaya, dakata," in ji Baba. Ban taɓa jin ya katse Baffa ba sai ran nan.

Ya matso gaban turmin a kan gwiwoyinsa. Baba ya yi yaƙi da jahilci yana saurayi, yana karanta boko daidai na rasiɗin mota da tambarin buhu. Ya ɗora yatsansa a kan allon, yana bin haruffan ɗaya-ɗaya, leɓɓansa na motsi ba sauti. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Yatsan ya bar tabon ƙasa da ruwan albasa a kan gilashin.

"Wanga rubutun, ina da ina za shi?"

"Duk inda mai irin manhajar ga yake, Baba, in ya jawo sabon gyara, da shi za ya jawo."

"Har Ikko?"

"Har gaba da Ikko."

"Har Makka?"

"In akwai mai ita can, har can."

Ya daɗe yana kallon allon. Da ya yi magana, ba da ni yake ba, da Baffa yake, kuma bai ɗaga murya ba.

"Yaya, ka tuna Iya ba ta taɓa wuce kasuwar Jega ba. Kullum cewa take in albasa ta yi kyau za mu kai ta. Shekarar da tay yi kyau, ba ta nan." Ya goge ido da bakin hannun riga. "Mu mun ɓoye sunan ga cikin bakinmu har ɗiyanmu ba su jin shi. Yarinyar ga ta ɗora shi bisa aikin da ka amfanin mutane. Ni ban ga wulaƙanci nan ba."

Baffa bai sauko ba, kada ku zaci haka. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko na fushi ne ko na tuna Iya, wataƙila duka biyun. Ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai yaro ya yi masa to a fuska ya je ya yi akasin haka, kuma duk wanda zai ba da auren nan, ba shi Sambo ba. Ya sa takalmi ya fita, ko sallama babu. Inna ta ce "Innalillahi" a hankali, don ta san a gidanmu ba a taɓa ɗaura auren 'ya mace ba da bakin Baffa ba.

Ni kuwa ina durƙushe, zuciyata ta rabu biyu. Haidar ya san abin da zai biyo baya sarai. Ya ji sharaɗin da kunnensa, ya koma Maiyama, ya zauna a gaban allo, ya rubuta sunana cikakke, har da Aliero a ƙarshe, bai raɓa nasa ko a gefe ba. Ya zaɓi ya rasa ni a hannun Baffa da ya same ni da abin da ba nasa ba. Wannan mutumin na bari yana yi mini filashin ina share shi.

Baba ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya fito da carbi, ya fito da ɓarin goro, sannan ya fito da ɗan farin modam ɗin, duk ya yi jan goro. Ya hure shi, ya goge a riga, ya miƙo mini.

"Hauwa'u," ya ce, "karɓi kayanki. Gwada muna mu gani."

Tsintsiyar Inna ta faɗi. Ni ban ma gane da ni yake ba sai da Yaya Ramatu ta taɓa ni. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a muryar Baba ba, ashe haka yake da daɗi. Na karɓa da hannu biyu ina kuka, kuka sosai, irin mai majina, ba na 'yan fim ba.

Sai da aka kawo wuta da azahar na sake gina manhajar daga sabon tushen, Baba na zaune bai koma kan albasarsa ba. Da ta gama na soka modam ɗin. Ya yi ja, ya yi ja, sannan ya koma shuɗi. Wannan karon kuma Inna da kanta ta yi guɗar.

Wayata ta yi ƙara a cikin hijabi.

"Ya sauko?"

Na dubi tabon yatsan Baba a kan gilashi, wanda har yau ban goge ba. Na dubi ƙofar da Baffa ya fita, wadda ban san ranar da zai sake shigowa ta cikinta ba, ko kuma wa zai iya zuwa ya tausa shi. Na share hawaye na rubuta:

"Ya sauko. Ka ce wa mutanenka su shirya, amma ka fara biyawa ta gidan Baffa, kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ya kore ka, ka koma. Ina nan."

Har na kai yatsa zan tura, sai na tsaya. Duk saƙonnina a baya Uwani nake sawa a ƙasa. Na sauka layi ɗaya na rubuta ɗayan sunan, harafi bayan harafi, yadda Baba ya bi shi da yatsa, sannan na tura.